Dunƙulen Gawayi: Wutar Da Ba Ta Cin Itatuwanmu

Ƴan uwa manoma da matan gida na Tama, Buza, Madawa da Keita, darasinmu na yau a kan iccen wuta ne. Kowa ya san yadda icce ya yi wuya. Mata suna tafiya nesa kafin su haɗa kai ɗaya. In ɗari ya shigo, masu kwana a garken albasa suna hura wutar ɗumi har asuba. Wasu gidaje sun koma ƙona kashin shanu, alhali gona ce ke bukatarsa.

Itatuwan da muke gani da wahala aka same su. A shekara ta 1975 ƙungiyar CARE da ma'aikatan gandun daji suka soma dasa layukan dogon yaro a kwarin Majiya don tare iska. A shekara ta 1984 aka buɗe aikin raya ƙasar Keita da taimakon Italiya. In muka sare su don girki, iska da zaizaya za su koma cin gonakinmu.

Mene ne mafita?

A Turai da Amurka, inji yana matse garin katako ya zama ƴan ƙwayoyi kamar kashin awaki. Suna ci sosai, hayaƙinsu kaɗan ne, domin a bushe suke ƙwarai. Amma injin yana da tsada, kuma yana son lantarki. Mu muna iya yin makamancinsu da hannu, da abin da gona ta bari: karan hatsi da na dawa, ɓawon gujiya, da totuwar masara. Shi ne dunƙulen gawayi.

Yadda ake yin sa

1. Mu sami tsohon tano, mu huda gindinsa wuri biyar ko shida, mu ɗora shi bisa duwatsu.
2. Mu cika shi da busasshen kara da aka sassara, mu sa wuta.
3. In farin hayaƙi ya ragu, mu cire duwatsun, mu rufe bakin, mu toshe ko'ina da ƙasa. In iska ta shiga, toka za mu samu.
4. In ya huce sarai, mu daka gawayin, mu tankaɗe.
5. Mu dama kokon garin rogo. Tiya ɗaya ta garin rogo tana isar kamar tiya 10 ta garin gawayi. In babu rogo, ƙaro ko yumɓu kaɗan yana yi.
6. Mu kwaɓa, mu dunƙula kamar fura, mu matse da ƙarfi.
7. Mu shanya a rana kamar mako guda. Wanda bai bushe ba yana hayaƙi, yana kuma rugujewa.

Amfaninsa ga lafiya

Hayaƙin icce yana kawo tari, ciwon ido da ciwon huhu, musamman ga mai girki da yaron da ke goye. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa hayaƙin cikin gida ya kashe mutum fiye da miliyan 3 a shekara ta 2020. Busasshen dunƙule ba ya hayaƙi kamar icce, kuma garwashinsa yana daɗewa a murhun gawayi.

Gargaɗi biyu

Na farko: kada mu shiga da garwashi ɗaki mu rufe ƙofa don jin ɗumi. Gawayi yana fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari, tana kashe mutum cikin barci. Wanda ya ji ciwon kai ko jiri, a fitar da shi waje, a kai shi likita nan da nan.

Na biyu: kada mu kwashe karan gona duka. Shi ne abincin dabbobi da rani, shi ne kuma rigar gona da ke hana iska ɗauke ƙasa. Mu ɗebi wanda dabbobi suka bari, mu bar wa gona rabonta.

Tano ɗaya ya ishi gidaje da yawa in an yi karɓa-karɓa. Mu gwada bayan girbin bana, tun kafin ɗari ya sauka.