Faɗuwar rana a bakin teku da hukuncin kunkurun ruwa

Tambaya ta zo daga wani ɗan'uwa mazaunin wani ƙauye kusa da Ada Foah a Ghana, inda kogin Volta yake shiga teku. Daga ƙofar gidansa yake ganin rana tana nutsewa, da dare kuma kunkurun teku na fitowa kan yashi.

Mu fara da Magariba. Mu a Arewa gine-gine da hazon hunturu sukan ɓoye mana rana, sai mu dogara da agogo. Kai kuwa Allah Ya hutar da kai: da zarar ƙwayar rana ta ɓace gaba ɗaya, lokaci ya shiga, mai azumi ya sha ruwa. Jan da ya rage a sama shi ne shafaƙi, ba a jiran sa, ɓacewarsa ce farkon Isha'i. Kuma a yankinku duhu ba ya jinkiri, kada kallo ya cinye maka lokacin salla.

Kunkurun teku kuwa halal ne a wurin Malikiyya, domin abin ruwa ne, a duba Suratul Ma'ida aya ta 96. Hanafiyya kifi kaɗai suka halatta. To amma wadda kake gani ɗin nan uwa ce, ta fito binne ƙwai, galibi tsakanin Oktoba da Maris, kuma ƙwan sai ya yi kusan wata biyu kafin ya ƙyanƙyashe. Tun 1971 dokar Ghana ta hana kama su, yawansu kuma raguwa yake yi. Don haka ka bar ta, ka bar ƙwanta, ka gaya wa yaran gida. Ka kuma kashe tocila, haske yana rikita 'ya'yan su kasa gane hanyar ruwa.

Wallahu a'alam.