Ku Sa Wa Tallanku Rana, 'Ya'yana

'Ya'yana, samari da 'yan matan Sakajiki da Ƙauran Namoda da Shinkafi da Zurmi, Allah Ya yi muku albarka. Ina ganin yadda kuke neman na kanku da wayar hannu. Wannan tana sayar da atamfa da turaren wuta a WhatsApp, wancan yana tallan ɗinki a Facebook, ɗalibin Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙaura yana nuna gyaran waya a TikTok. Wannan abin alfahari ne. Gyara ɗaya nake so ku yi: ku daina talla sai ran da kuka ga dama. Yau mutum ya zuba hotuna har a gaji da shi, gobe ya ɓace, sai bayan wata guda a sake jin ɗuriyarsa.

Ku dubi kasuwar Shinkafi. Abin da ke tara mata fatake daga Sakkwato har Nijar shi ne kowa ya san ranar Alhamis take ci. Da a ce wani mako ta ci Talata, wani mako ta ƙi ci, da tuni ta watse. To shafinka ma ya zama yana da ranakunsa, mai saye ya san yaushe zai leƙo ya tarar da sabon abu.

Tun ran gini tun ran zane. Ka zauna da littafi da biro ka raba makonka. Litinin, sabon kaya da farashinsa a fili, don yawan "zo ta bayan fage mu yi magana" yana korar mai kunya. Laraba, ka koyar da abin da ka sani kyauta: yadda ake gane atamfa mai zuba, ko yadda ake adana wake kada ƙwari su ci. Mutum ba ya mance wanda ya amfane shi. Juma'a, gaisuwa da godiya ga masu ciniki. Sau uku da za ka iya riƙewa ya fi kullum da za ka gaza. Tun da wuta da sabis ba su da tabbas a nan, ka ɗauki hotunan mako duka da hantsi ɗaya, lokacin da haske yake da kyau. Facebook yana ba mai shafin kasuwanci damar tsara rubutu ya fita da kansa a ranar da ya zaɓa. Status ɗin WhatsApp kuwa awa 24 yake yi ya goge, don haka ka sa shi lokacin da mutane suka natsu, kamar bayan Isha'i.

Ka kuma bi shekara yadda take tafiya. Tela ya fara kiran masu ɗinkin Sallah tun Sha'aban, ya sanar da ranar da zai daina karɓa. Mai kiwon rago ya fara nuna su tun kafin watan layya. Mai taki da iri ya yi magana kafin ruwa ya sauka, mai kayan ɗaki ya shirya wa kaka, lokacin da manomi ya sayar da amfani ake ta bukukuwa.

Sai amana. Hoton da za ki sa, 'yata, ya zama na kayan da ke hannunki, ba wanda kika kwaso a intanet ba. In akwai aibi ki faɗa, addininmu ya hana algus. Ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma a garuruwanmu kowa ya san gidan kowa.

Ga magana mai nauyi. Kun san halin rashin tsaro da yankinmu yake ciki, ba duk mai kallon shafinku ne masoyi ba. Kada ka rubuta ranar da za ka tafi Kano sari, ko hanyar da za ka bi. Kada ka nuna kuɗi, ko sito, ko garke, ko shaidar kuɗin da ya shigo maka banki. Kada ka sa hoton mai ciniki ko sunansa sai da izininsa. Wannan ma ya shiga cikin tsarinka: abin da ba za a taɓa sawa ba.

Ku tuna watan Satumba na 2021, da aka rufe layukan waya a faɗin Zamfara. Wanda duk cinikinsa yake cikin waya ya ji jiki. Saboda haka ku rubuta sunayen masu sayenku da lambobinsu a littafi, ku riƙe zumunci da su ido da ido.

Ku fara a wannan makon, 'ya'yana, da rana uku kacal, ku riƙe su da gaskiya. Allah Ya sa albarka a nemanku, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya.