Wai Daji Ba Ya Son Allura

Duk matar da ta zauna a gabana a ɗakin masu ciwon daji, tambayar farko da nake yi mata ita ce, "Hajiya, yaushe kika fara jin shi?" Na yi shekaru ina aikin jinya a wannan ɗaki, kuma da wuya in ji an ba ni amsa da kwanaki ko makonni. Sai dai a ce, "Tun kafin azumin bara," ko "Tun ina goyon auta," alhali autan nan ga shi yana gudu a baranda. Idan na ce me ya hana ki zuwa tun lokacin, amsar ba ta wuce biyu. Ko dai ta ce ai ba ya ciwo, ko kuma ta sunkuyar da kai, wadda ta rako ta ta amsa mata: "Sista, an ce daji ba ya son allura."

Wannan magana ta cinye mana mata masu yawa, kuma ba na raina masu faɗinta, domin na san inda ta samo asali. Mace za ta shekara biyu da ƙullutu a mama, ana shafe-shafe da jiƙe-jiƙe, har ya fashe ya zama gyambo, cutar ta bi jini ta sauka a huhu ko hanta ko ƙashin baya. Sai a kwaso ta zuwa asibiti ranga-ranga. A sa mata ruwa, a yi mata allura, bayan mako uku Allah Ya karɓi abinsa. 'Yan unguwa abin da suka gani shi ne ta shiga asibiti an yi mata allura ta rasu. Shekara biyun da aka yi a ɗaki babu mai lissafa su.

Allurar da ake tsoro ita ce ta ɗibar ɗan nama. Likita zai kashe wurin, ya sa allura ya ciro tsokar da ba ta kai ƙwayar shinkafa kauri ba, a kai ɗakin gwaji a duba. Ba ta tayar da cutar, ba ta watsa ta. Ita ce ma take raba gardama, domin yawancin ƙullutun da mata ke ji a mama ba sankara ba ne, musamman 'yan mata. Sau da yawa na ga mace ta fito da takardar sakamako tana kukan murna, bayan ta yi wata da watanni ba ta barci kan abin da ba kome ba ne. Idan kuma sankarar ce, wannan ɗan naman shi zai nuna irinta, ko mai cin abinci daga sinadaran jikin mace ce, ko wata iri, kuma a kan haka ake zaɓen magani.

Akwai wata baiwar Allah da ba na mantawa. Yayar mijinta ce ta kawo ta, ta lulluɓe da zane biyu ga zafin bazara. Tun kafin ta buɗe na ji warin, ita ma ta san na ji, sai ta ce, "Ki yi haƙuri, 'yata." Ta ba ni haƙuri a kan ciwonta. An yi ta ɗora mata wani haɗi mai cin fata, wai zai tsotse dajin, har ya ƙone mata ƙirji. An ce mata jifa ne, an nuna kishiya, gidan ya rabu biyu. An sayar da tumakinta huɗu. Da muka wanke gyambon muka ba ta maganin kashe zafi, ta yi barcin da ta ce rabonta da irinsa tun damina. Wannan kaɗai muka iya yi mata, kuma aiki ne mai daraja, amma da ta zo lokacin da abin yake kamar gyaɗa, da wata maganar ake yi.

Ni ban taɓa hana kowa addu'a ko tofi ba. Majinyatana da carbi a hannu ake sa musu ruwa, ni ma ina taya su. Abin da nake roƙo shi ne kada a tsaga, kada a ɗora abin da zai ci fata, kada kuma a ce sai an gama na gida za a zo.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2022 an gano sankarar mama a jikin mata kimanin miliyan 2.3, ta kuma kashe kusan 670,000. A ƙasashe masu arziki, fiye da tara cikin goma na waɗanda aka gano tana jikinsu suna raye bayan shekara biyar. Cutar ɗaya ce da tamu, sai dai su ana kama ta tun tana ƙarama. A Najeriya ita ce kan gaba cikin sankarar da ke kama mata, ta bakin mahaifa na biye da ita.

Alamominta ba ɓoyayyu ba ne. Ƙullutu mai tauri a mama ko kaluluwa a hammata, kan nono ya shige ciki, ruwa ko jini ya riƙa fita ba shayarwa ake ba, fata ta lotsa ko ta yi kamar ɓawon lemu. Rashin ciwon nan da ke kwantar wa mata hankali, shi ne halinta a farko. Masu shayarwa kuma su kula da zancen "nono ne ya kwanta". Wanda ya kwanta yana saki cikin kwanaki, wanda ya yi makonni yana nan daram a kai shi a duba. Maza ma tana kama su, ko da yake ba su kai ɗaya cikin ɗari na masu ita ba.

Ba zan yi wa kowa ƙarya a kan maganin ba, akwai wuya. Kemo ruwa ne da ake sawa ta jijiya, yawanci duk bayan mako uku, sau shida ko takwas. Akwai wani ja a cikin magungunan da ke sa fitsari ya yi ja kwana ɗaya ko biyu, muna faɗa tun da wuri don kada a firgita a ce jini ne. Akwai tashin zuciya, baki ya yi ɗaci, farce ya yi duhu, gashi ya fara zubewa bayan mako biyu ko uku. Duk suna wucewa, gashin ma yana dawowa. Abin da ba a wasa da shi shi ne zazzaɓi a tsakanin zuwa da zuwa, domin a lokacin garkuwar jiki ta yi ƙasa. Wannan ba na kemis ba ne, a taho asibiti ko da tsakar dare ne.

Inda muka fi rasa mutane shi ne bayan zuwa na biyu ko na uku. Ƙullutun ya motse, jiki ya yi laushi, aljihu ya bushe, sai dangi su ce ai ta warke, a bar wahalar haka. Bayan wata takwas su dawo, cutar ta dawo da ƙarfinta. Na san kuɗin ba kaɗan ba ne, ga kuɗin mota zuwa inda ake gashi da na'ura, kamar Zariya ko Sakkwato ko Abuja, ga zaman jiran layi. Gwamnatin tarayya tana da asusun tallafa wa marasa ƙarfi masu sankarar mama da ta bakin mahaifa da ta mafitsarar maza a wasu manyan asibitocinta. A tambayi ofishin jin daɗin majinyata kafin a yanke ƙauna.

Ga magidanta kuwa ina da magana. Ranar da likita ya ce za a cire mama, mace ba mutuwa take fara tunani ba, fuskar mijinta take kallo. Na ga wanda ya ƙi sa hannu ya tafi da matarsa, na kuma ga wanda ya ce, "Likita, ita nake so a bar mini." Matar na biyun ta fi kowa saurin miƙewa a ɗakin.

Wata mai sayar da ƙosai ta zo mana wata biyu da jin nata ƙullutun, domin 'yarta ta matsa mata. Ta yi kuka ranar da aka gaya mata, ta yi kwana uku ba ta ce wa kowa uffan ba. Aka yi aiki, aka yi kemo, aka ɗora ta kan ƙwayar tamoxifen da ake sha kullum har shekara biyar ko fiye. Hannunta na wannan ɓangaren yakan kumbura idan ta daɗe tana buga ƙullu, don haka yanzu 'yar ce ke bugawa, ita tana suya. Duk ranar da ta zo a duba ta, ba ta tafiya sai ta leƙa ɗakinmu ta tambaye ni ko akwai sabuwa.

Makon jiya akwai. Yarinya ce mai goyo, ta ƙi miƙo hannu a sa mata ruwa, uwarta na tsaye a kanta tana maimaita zancen allura. Mai ƙosai ta ja kujera ta zauna, ta zame ɗankwalinta ta nuna musu kitso, ta ce, "Wannan kan da kuke gani, tas ya taɓa zama." Sannan ta kama hannun uwar ta ɗora a ƙirjinta, inda babu kome sai tabo. Ta ce, "Yaya, shekarata shida ke nan." Uwar ba ta ce kome ba, ta kwance jikanta daga bayan 'yar ta goya, ni kuma na ɗaura igiya na fara neman jijiya.