Filin Shawara: Sun ce sai na ƙara biya kafin a ba ni aikin

Anti, na gama bautar ƙasa bara, har yau ina zaune a gida. Wata ƙawata ta turo mini talla a WhatsApp, wai wata ƙungiyar agaji tana neman 'yan sa-kai, bayan wata uku a mai da mutum cikakken ma'aikaci. Na biya naira 7,500 kuɗin fom, na tura hoton katin NIN ɗina, har na jawo 'yan ajinmu biyu. Yanzu sun ce mu kawo 25,000 na horo da riga da katin shaida kafin Juma'a, ko a ba wasu gurbin. Da na nuna shakku sai suka turo mini takardar rajistarsu ta hukumar CAC. Mahaifiyata ta ce za ta sayar da tunkiyarta. In biya?

Mai neman mafita, Damaturu

'Yata, kada ki biya, kuma ki roƙi Mama ta bar tunkiyarta a turke. Abin da kika zayyana mini damfara ce.

Ƙungiyar agaji ta gaskiya da kuɗinta take zuwa, ita ke biyan ma'aikaci, ita ke horar da shi, ita ke ɗinka masa riga. Hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya irin su UNICEF sun sha nanatawa cewa ba sa karɓar ko sisi a kowane mataki na ɗaukar aiki. Ɗan sa-kai kuwa lokacinsa da ƙarfinsa yake bayarwa kyauta, to a kan me za a ce ya haɗa da aljihunsa? Wa'adin Juma'ar nan ma an sa shi ne don kada ki samu sukunin yin tambaya.

Na san abin da ya sa kika yarda. Tun da rikicin Boko Haram ya raba mutane da gidajensu, ƙungiyoyin agaji suka cika Maiduguri da Damaturu da Yola, kowa ya san ɗan unguwarsu da ya samu aiki a can ya rufa wa iyayensa asiri. Wannan burin suke farauta. Kada ki bari wani ya ce miki kwaɗayi ne ya kai ki. Neman halal kika fita.

Batun takardar CAC, hoto ne kawai, kowa na iya haɗa shi a waya. Shiga shafin hukumar da kanki, akwai wurin binciken sunaye, ki duba ko sunan da lambar sun dace. Ko sun dace ma, ba a gama ba, domin rajista ba ta shaidar halin mutum, kuma ɓarayi kan ari sunan ƙungiya mai rajista. Abin da na fi so ki duba shi ne asusun da kika tura kuɗin fom. Sunan wa ya fito? Idan sunan wani mutum ne, magana ta ƙare. Ki tambaye su ina ofishinsu yake, ki tafi da yayanki ko kawunki da rana tsaka. Za ki ji uzuri kala-kala.

Katin NIN ɗin nan ya fi 7,500 ɗin damuna, don ana iya fakewa da bayananki a cuci wani. Daga yau kada ki ba su BVN, kada ki karanta wa kowa lambar da banki ya turo miki ta saƙo, ko da ya rantse daga bankin yake. Ki ɗauki hoton hirarku da rasit ɗin biya kafin su goge, ki kai ƙorafi bankinki, sannan ki kai rahoto ga 'yan sanda ko EFCC. Ba zan yi miki alƙawarin kuɗin zai dawo ba, amma rahoto na iya sa a rufe asusun kafin a yashe wata. Idan kuma suka fara zancen fitar da ke ƙasar waje aiki, NAPTIP za ki nufa, ita ce hukumar yaƙi da safarar mutane.

Saura 'yan ajinku. Na ji nauyin da ke cikin wannan layin na wasiƙarki, amma kunya ba za ta tsare musu kuɗinsu ba. Ki kira su yau, kafin su biya, ki faɗa musu ke ma an ci naki. Haka ƙawar da ta turo miki tallar, wataƙila ita ma ba ta sani ba.

Neman aiki kuma kada ki fasa. Ƙungiyoyin gaske suna sanya gurabensu a shafukansu da kuma ReliefWeb, wanda ofishin jinƙai na Majalisar Ɗinkin Duniya ke gudanarwa, kuma kyauta ake nema. Allah Ya haɗa ki da rabonki na alheri. Ki gaishe mini da Mama.