Magajin da Ba Ya Iya Magana: Darasi a Kan Wasiyya, Gado da Kiyaye Jarirai

 

Ya kai ɗalibi mai albarka, wannan darasi naka ne, kuma na iyayenka ne. In ka koma gida ka karanta wa baba da inna, a bokon ko a ajamin, wanda ya fi maka sauƙi.

Duk ranar da aka zauna rabon gado, kowane magaji yana da bakin da zai nemi haƙƙinsa, in ban da mutum biyu: jaririn da ke goye, da ɗan da ke cikin ciki. Shari'a ta ɗora wa manya amana biyu a kansu, wato tsare musu dukiya, da tsare musu rai har su girma su karɓe ta. Duka biyun tun uba yana da rai ake shirya su.

1. Abin da ake fitarwa kafin rabo

Ka sani, ba duk abin da mamaci ya bari ba ne gado. A mazhabarmu ta Imamu Malik, ga yadda ake bi daki-daki. Da fari a ware abin da haƙƙin wani ya rataya a kansa, kamar gonar da aka jinginar. Sannan kuɗin likkafani da jana'iza, ba tare da ɓarna ba. Sannan a biya bashi, kuma sauran sadakin da bai biya matarsa ba yana cikin bashi. Sannan a zartar da wasiyya, matuƙar ba ta wuce sulusi ba, wato kashi 1 cikin 3. Abin da ya rage shi ne na magada, bisa ga rabon da ya zo a Suratun Nisa'i, aya ta 11 da ta 12 da ta 176.

Abincin sadakar uku da bakwai da arba'in fa? Ba ya cikin wannan jeri. In akwai yaro ƙarami cikin magada, babu mai ikon ɗibar hatsi daga rumbun mamaci ya dafa wa baƙi, domin babba yana iya yafe rabonsa, amma ba ya iya yafe na maraya.

2. Mas'alar ciki

Malamanmu na Malikiyya sun ce idan mutum ya rasu ya bar ciki, ana dakatar da rabo har a haihu. Ga misali don ka ga dalili.

Wani manomi ya rasu, iyayensa sun riga shi. Ya bar mata mai ciki, da 'ya mace guda, da ƙanensa shaƙiƙi. Bayan an fitar da bashi sai aka sami buhu 24 na shinkafa. Matar tana da sumuni, wato kashi 1 cikin 8, buhu 3 ke nan, wannan ba ya canjawa.

In an yi gaggawa an raba kamar babu cikin, 'yar za ta ɗauki rabi, buhu 12, ƙanen ya ɗauki buhu 9.

In aka jira ta haifi mace, 'ya'ya mata biyu suna da kashi 2 cikin 3, buhu 16, kowace 8. Ƙanen ya sami 5.

In kuwa namiji ta haifa, to buhu 21 da suka rage na 'ya'yan ne: namijin 14, macen 7. Ƙanen ba shi da ko mudu guda, ɗan ya kare shi.

Ka gani? Daga 9 zuwa 5 zuwa babu. Kuma sau da yawa wannan ƙanen shi ne za a danƙa wa riƙon yaran. Shi ya sa ba a barin abin ga kunya da kara. A ƙirga dukiyar gaban shaidu, a rubuta, a ajiye ta hannun amintacce ko a sanar da alƙali.

Wani abin lura kuma: jariri yana gado ne in ya fito da rai, kuma babbar alamar da malamai suka kafa ita ce ya yi kuka, kamar yadda za ka tarar a littafin Risala na Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani. In ya yi kuka sannan ya koma, ya riga ya gaji ubansa, sai a sake raba rabonsa ga nasa magadan. A nan Shari'a tana karɓar shaidar mata 2 adilai, tun da maza ba su halartar ɗakin haihuwa. Saboda haka ungozoma da matan da ke wurin su riƙe abin da suka ji da kyau, shaida ce a wuyansu.

3. Abin da ya kamata uba ya rubuta tun yana da lafiya

Wasu suna ganin rubuta wasiyya kamar kiran mutuwa ne. Wannan camfi ne. Hadisin Abdullahi ɗan Umar da ke cikin Muwaɗɗa da Buhari da Muslim ya kwaɗaitar da Musulmi kada ya kwana biyu yana da abin yi wa wasiyya ba tare da ya rubuta ba. Kuma ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka. Mu da muke zaune a yankin da tashin hankalin 'yan bindiga ya mayar da yara da yawa marayu cikin dare ɗaya, ai mun fi kowa bukatar wannan.

Ya kai uba, sami littafi guda ka rubuta waɗannan:

(a) Bashin da ake binka, da wanda kake bi, da sunan shaidu. Har da adashi, da taki ko iri da ka karɓa sai kaka.

(b) Gonakinka ɗaya bayan ɗaya: wacce ka gada, wacce ka saya, wacce ke hannunka aro ko jingina, da masu iyaka da kai gabas da yamma, kudu da arewa.

(c) Dabbobin da ka ba da kiwo, da ajiyar mutane da ke hannunka, da abin matarka da ya cakuɗe da naka. Akuyar inna ba gadon baba ba ce.

(d) Kuɗin banki da na waya. Ka sani, sunan da ka rubuta wa banki a matsayin na kusa da kai ba ya mayar da shi mai kuɗin. Kuɗin na dukkan magada ne.

Mutanen Birnin Tudu ba su bukatar a yi musu dogon bayani a kan gona. Lokacin da aka gina madatsar ruwa ta Bakolori a kan Kogin Sakkwato, wadda aka kammala a 1978, ruwa ya cinye gonaki, aikin noman rani kuma ya baje wasu aka sake rabawa. Rikicin diyya ya yi tsanani har ya kai ga zubar da jini a nan garin cikin watan Afrilu na 1980, aka rasa rayuka masu yawa. Allah Ya jiƙansu. Darasin da ya shafe mu yau shi ne, iccen iyaka yana faɗuwa, dattijon da ya san tarihin gona yana rasuwa, amma takarda mai shaidu tana jiran maraya har ya girma.

4. Wasiyya da wasiyyi

Wasiyya tana da iyaka biyu. Ba ta wuce sulusi, kamar yadda Manzon Allah (S.A.W.) ya iyakance wa Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas, yana nuna masa cewa barin magada cikin wadata ya fi barinsu suna roƙo. Kuma ba a yin ta ga wanda zai ci gado, sai in sauran magada sun yarda.

To wa ya fi dacewa da ita? Ka duba jikanka wanda ubansa ya rasu kafin kai. In kana da wani ɗa namiji a raye, wannan jikan ba zai gaje ka ba, baffansa ya kare shi. Ga shi maraya, ga shi jininka. Ƙofar wasiyya a buɗe take, ka rubuta masa wani abu cikin sulusi. Wannan matsala ce ta sa ƙasar Masar ta yi doka a 1946 ta wajabta irin wannan wasiyya. A wurinmu abin yana hannun kakan, in bai yi ba shi ke nan.

In kuma kyauta kake so ka yi wa wani, yi ta kana da lafiya, a karɓa a riƙe gaban shaidu. Kyautar baki da ba a karɓa ba har mutuwa ta zo, ta ɓaci. Wadda aka yi a ciwon ajali kuwa, hukuncin wasiyya take ɗauka.

Wasiyyi shi ne mutumin da uba ya naɗa ya kula da dukiyar 'ya'yansa ƙanana bayan ransa. Ana so ya zama Musulmi, baligi, adili, mai iya juya dukiya, kuma mace ma tana iya zama, har da uwar yaran. In uba bai naɗa kowa ba, al'amarin yana komawa ga alƙali. Wasiyyi ya ciyar da yaro daidai gwargwado, ya rubuta abin da ya shiga da wanda ya fita, ya fitar da zakka, ya juya dukiyar ta hanyar halal, kamar yadda aka ruwaito umurnin Sayyidina Umar don kada zakka ta cinye ta. In yaro ya balaga aka ga hankali tare da shi, a miƙa masa gaban shaidu, bisa ga aya ta 6 ta Suratun Nisa'i. Aya ta 10 kuwa ta kamanta cin dukiyar maraya da cin wuta. Allah Ya tsare mu.

Riƙon dukiya dabam, reno dabam. Reno haƙƙin uwa ne da fari, bayanta kakar yaro ta wajen uwa. Kada dangin miji su fizge jariri daga nono don wai "ɗanmu ne".

5. Kiyaye ran jaririn

Me amfanin buhu 14 in mai su bai kai yaye ba? Ga abubuwan da kowane gida zai iya yi.

Nono: a ba jariri nonon farko, wato dakashi, kada a matse a zubar, domin kariya ce gare shi daga cututtuka. Likitoci sun ce wata 6 na farko nono zalla ya ishe shi, ko ruwa ba ya bukata. Aya ta 233 ta Suratul Baƙara ta ambaci shekara 2 ga mai son cika shayarwa.

Cibiya: a yanke da sabuwar reza, a bar ta da tsabta, kada a sa toka ko wani abin gargajiya, sai maganin da asibiti ta bayar. Ta nan ciwon sarƙewar haƙora yake shiga. Haka cire beli, yana jawo zubar jini da cuta.

Rigakafi: akwai na ranar haihuwa, da na sati 6, da 10, da 14, da na ƙyanda a wata 9. A adana katin tare da takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya, cikin littafin nan na baba.

Sauro: uwa da jariri su kwana cikin gidan sauro, musamman mu da ke kusa da ruwan noman rani. In jikin jariri ya yi zafi, ko ya ƙi nono, ko yana fizge-fizge, a tafi asibiti nan take, ana tafiya ana addu'a.

Ruwa da wuta: a rufe rijiya, a kife bokiti da baho. Yaro mai rarrafe yana iya nutsewa a ɗan ruwan wanki. Kada a bar yaro ya goyi ƙanensa zuwa bakin magudanar ruwa. Da sanyi kuma a nesanta kaskon wuta daga shimfiɗa.

Guba: kananzir da maganin feshin gona da na ɓera, kada a zuba su a kwalbar lemo, a rataye su sama.

Dalma: a shekarar 2010 aka gano gubar dalma a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da 'Yargalma da Abare, daga baya da Bagega. Yara aƙalla 400 suka rasu. Sanadin shi ne niƙa dutsen zinariya a cikin gida, ƙurar ta zauna a tsakar gida, yara masu rarrafe suna sa hannu a baki. Iyayen nan neman halal suka fita, ba su san abin da ke cikin dutsen ba. Yanzu an sani. Duk mai zuwa haƙar zinariya kada ya kawo dutse gida, ya yi wanka ya canja tufafi kafin ya ɗauki ɗansa. Kwallin dutse ma yakan ƙunshi dalma, gara a bar idon jariri haka nan.

Ya kai ɗalibi, naka aikin shi ne ka zama idon inna a kan ƙanenka, kuma in baba yana son mai rubuta masa, ka ɗauko alƙalami. Amma lissafin rabon gado na gaske a kai wa malamin fara'ili ko kotun Shari'a, domin magaji ɗaya da aka manta yana canja lissafin gaba ɗaya.

Tambayoyi

1. Lissafa abubuwa 4 da ake fitarwa kafin rabon gado.
2. A misalin buhu 24, in matar ta haifi tagwaye, mace da namiji, nawa kowane ɗa zai samu cikin 21? Bayyana yadda za a kasa.
3. Mene ne bambancin wasiyya da wasiyyi?
4. Zagaya gidanku ka rubuta abubuwa 3 da za su iya cutar da yaro mai rarrafe, ka kawo wa malaminka ranar Asabar.

Allah Ya raya mana zuri'a bisa tafarkin Musulunci, Ya jiƙan magabatanmu, Ya sa mu cika da imani. Wallahu a'alamu.