Hayaƙin Da Ba Kai Ka Kunna Ba

'Yan'uwa, bari mu yi nazarin abu uku.

1. Taba. Idan uba ya kunna sigari cikin ɗaki, matarsa da jaririnsu suna sha tare da shi, ko da taga a buɗe take. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce irin wannan hayaƙi yana kashe fiye da mutum miliyan 1 kowace shekara.

2. Sigarin lantarki. An ƙago shi a ƙasar Sin a 2003. Batir ke ɗumama wani ruwa mai ƙanshi ya zama tururi. Samari sukan ce ruwa ne kawai, amma yawancinsa da nikotin a ciki, wato abin da ke sa mashayi ya kasa bari. Yana cutar ƙwaƙwalwa, wadda ba ta gama girma sai wajen shekara 25. Na kusa da mai sha ma yana shaƙa.

3. Aikinmu. Dokar Nijeriya ta 2015 ta hana sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba taba. Saboda haka kada mu aiki yaro sayenta. In mun iske ɗanmu yana sha, bulala ba ta fitar da nikotin. Mu zauna da shi, mu kai shi wurin likita.

Tambaya: Wane ne ke shaƙar hayaƙi a gidanku?