Kafin Ka Sa Hannu, Ɗana, Duba Kotun Da Aka Zaɓa

Na ji an ce ka fara odar kaya da kanka daga waje, har ma an aiko maka da takardar yarjejeniya mai shafuka da yawa. Na san inda idonka zai fara sauka: kan farashi, da yawan kaya, da ranar da kwantena za ta iso Apapa. Babu laifi, domin nan ribar take. Amma can kusa da ƙarshe, bayan ido ya gaji, akwai layi biyu ko uku da ƙananan baƙaƙe, inda aka ce idan saɓani ya taso kotun ƙasa kaza ce kaɗai za ta saurare shi. A kan waɗannan layukan nake so ka ba ni aron kunnenka, saboda yawancin matasanmu suna tsallake su, suna ganin ai mutumin kirki ne, ba za a kai ga haka ba.

Mai yiwuwa mutumin kirki ne, ni ma ina kyautata masa zato. Sai dai jirgi kan makara, kaya kan jiƙe, dala kan tashi tsakanin ranar oda da ranar biya, kuma mutane biyu masu gaskiya suna iya saɓawa a kan wanda zai ɗauki asarar. Ranar da hakan ta faru, tambayar farko da lauya zai yi maka ita ce a ina kuka ce za a yi shari'a. Idan takardar ta ce Landan ko Guangzhou, to can za ka, da kuɗin biza, da kuɗin masauki, da lauyan da ake biya da kuɗin ƙasarsu, wani lokacin har da tafinta. Sau da yawa ɗawainiyar takan fi kayan tsada, saboda haka sai mai gaskiya ya haƙura da haƙƙinsa ba don an kayar da shi ba.

Kada ka ce ai kotun gida za ta tausaya maka. Bari in ba ka labarin shari'u biyu da suka kai Kotun Ƙolin Nijeriya. A ta farko, kamfanin Sonnar ya yi ƙara a kan shinkafa fiye da buhu 25,000 da aka yi lodinta a Bankok cikin jirgin ruwa mai suna Nordwind za a kawo Legas, amma ba ta zo hannunsa ba. Takardar lodin jirgin ta nuna kotunan Jamus, ƙasar masu jirgin. A 1987 Kotun Ƙoli ta yarda a yi shari'ar a gida, kuma babban dalilinta shi ne wa'adin shigar da ƙara a Jamus ya riga ya wuce, tura mai ƙara can daidai yake da rufe masa ƙofa gaba ɗaya. Mutane suna son kafa hujja da wannan shari'a, suna mantawa cewa kotun ta fara ne da cewa asali a riƙe mutum da abin da ya sa wa hannu, kuma wanda yake son kauce wa alkawarin shi ne zai kawo ƙwaƙƙwaran dalili.

A ta biyu sai abin ya juya. Kamfanin Lavina, mai jirgin da ya kawo daskararren kifi daga Ajantina, shi ne ya kai kamfanin Nika na nan gida ƙara a Legas yana neman kuɗin jinkirin sauke kaya, alhali takardar ta ce kotunan Ajantina. A 2008 Kotun Ƙoli ta dakatar da ƙarar, domin mai jirgin bai kawo hujjar da za ta sa a yi watsi da sharaɗin ba. Ka lura, ɗana, a nan ɗan gida ne sharaɗin ya kare. Alkawari kaya ne, kuma duk wanda ya ɗauka shi zai kai. Lauyoyi za su faɗa maka cewa sashe na 20 na dokar shari'un teku ta 1991 ya rage ƙarfin irin wannan sharaɗi a harkar jiragen ruwa, kuma gaskiya ne, amma kada ka jingina da shi a yarjejeniyar saye da sayarwa tsakaninka da mai masana'anta.

Ba mu kaɗai ba ne a kan wannan turba. Tun 1972 Kotun Ƙolin Amurka ta ce wa kamfanin Zapata, ɗan ƙasarta, ya tafi Landan kamar yadda ya yi alkawari da kamfanin Jamus da ya ja masa dandalin haƙar mai a teku. Daga baya aka ƙulla yarjejeniyar Hague ta 2005, wadda ta fara aiki a 2015. Abin da ta ce a taƙaice shi ne kotun da aka zaɓa ta karɓi shari'ar, wadda ba a zaɓa ba ta janye hannunta, sannan sauran ƙasashen da ke ciki su zartar da hukuncin. Tarayyar Turai da Meksiko da Singafo da Birtaniya suna ciki. Amurka da Sin sun sa hannu amma ba su tabbatar ba, Nijeriya kuwa ba ta shiga ba.

Wannan ya kawo ni ga abin da ya fi damuna. Matashi mai zafin jini yakan dage sai an rubuta kotun Kano, ya koma gida yana murna ya yi nasara a ciniki. To, a ce ka yi ƙara a Kano kuma alƙali ya ba ka gaskiya. Abokin cinikinka ba shi da shago a Kantin Kwari, ba shi da asusu a wani bankinmu, duk abin da ya mallaka yana ƙasarsa. Hukuncin da ke hannunka ya zama kamar rijiya ba guga, ruwan naka ne amma ba ka da hanyar ɗebo shi. Saboda haka kafin ka zaɓi kotu, ka tambayi inda dukiyar mutumin take, sannan ka tambayi lauya ko kotunan can suna karɓar hukuncin kotun da kake so. Wani lokacin hikima ita ce ka yarda da kotun garinsa, domin nan ne za a iya riƙe masa asusu. Wani lokacin kuma ku bar kotu ku amince da alƙalan sasanci, tunda yarjejeniyar New York ta 1958 ta sa ƙasashe fiye da 160 suna zartar da hukuncinsu, ciki har da Nijeriya da Nijar da Sin.

Na san abin da ke hana ku magana, kunya ce. Kana ganin idan ka tayar da zancen kotu tun ba a fara ba, mutumin zai ce ba ka yarda da shi ba. Ɗana, ɗan kasuwa na gaskiya ba ya jin haushin wannan tambaya, shi ma lauyansa ne ya rubuta masa layukan, kuma ya rubuta su ne don amfaninsa. Ka yi maganar cikin ladabi yanzu da ake dariya ana shan shayi, domin bayan rai ya ɓaci ko ranar zama ba za ku daidaita a kai ba. Idan kuma ka riga ka sa hannu, to ka tsaya kan maganarka, kada ka ruga wata kotu don ka wahalar da shi, saboda kotunan Ingila sukan ba da umarnin hana mutum ci gaba da irin wannan ƙara, kuma sunanka a kasuwa ya fi kwantena ɗaya daraja.

Idan ka zauna da lauya, ka sa ya nuna maka da yatsa ko an ce kotun nan kaɗai ko kuwa an bar ƙofa a buɗe, da dokar ƙasar da za a yi hukunci da ita, domin zaɓen kotu dabam, zaɓen doka dabam. Ka tambaye shi wa'adin shigar da ƙara, wanda a harkar kayan jirgin ruwa yakan zama shekara ɗaya ko biyu kacal, ka rubuta ranar a littafinka. Duk wannan ka gama shi kafin ka tura kuɗin kafin alƙalami.